NIF, yankan ISB da albashin jika 150: amsa ga mai aikin sola a Damagaram

Wani matashi daga Sabon Gari, mai haɗa sola da wayar lantarki, ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, salamu alaikum. Na daɗe ina yi wa ƙungiyoyin agaji da kamfanoni aiki, in gama a ba ni kuɗina cif. Yanzu sai kwantabul ya yanke wani abu, wai ISB. Wani wurin suka ce in babu NIF, wato lambar rajistar haraji, babu aiki, suka ba wani kamfanin Yamai, alhali ya fi ni tsada. Wani kuma ya ce in zo ya ɗauke ni aiki, albashi jika 150 a wata. Me ya canja ne? In yi NIF, ko in karɓi albashin, ko in ci gaba yadda nake?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Riƙe wa ƙananan kamfanoni da ƴan kwangila littafin kuɗi shi ne aikina a nan Damagaram, kuma irin tambayarka ce ta fi yawa a bakin masu zuwa wurina yanzu: magina, masu gyaran kwamfuta, tafintoci, masu ba da hayar mota, da yaran da ake ɗauka aikin ƙidaya a ƙauyukan Mirya da Magarya. Zan fara da kamfanin Yamai da aka ba aikinka, domin a nan ka yi babbar asara, ba a ɗan abin da aka yanke maka ba.

Kamfani yana biyan harajin riba, wato ISB, kashi 30 cikin 100 na ribarsa. Riba kuwa ita ce abin da ya shigo bayan an ɗebe abin da aka kashe. To ba duk abin da aka kashe ne ma'aikatan lanho ke yarda a ɗebe ba, sai wanda yake da takarda ingantacciya. Tun wajen 2021 da aka shigo da faktir mai tabbaci, wadda tsarin SECeF ke fitarwa da lambar da ake dubawa da waya, rasit ɗin hannu da ka saba rubutawa ya zama abin da kwantabul ke jin tsoron sa wa cikin littafinsa. Mu ƙaddara ka ce za ka yi aiki a jika 300, kamfanin Yamai ya ce jika 350. In aka ba shi, faktir ɗinsa ta shiga cikin abin da aka kashe, harajin mai aikin ya ragu da jika 105, ke nan abin da ya fita daga aljihunsa a gaskiya jika 245 ne. In aka ba ka kai, ranar da masu bincike suka zo suka ƙi yarda da rasit ɗinka, jika 300 ɗin nan sun fita cif babu ragi, ga tara a kai. A idonka ka fi arha da jika 50. A littafin kwantabul ka fi tsada da jika 55. Ba wanda ya raina aikin hannunka, takardarka ce ta kayar da kai.

Ƙungiyoyin agaji ba sa biyan harajin riba, amma su ma suna da nasu mai tsare musu gaba. Wanda ya ba su kuɗin yana aiko masu binciken asusu, kuma duk kuɗin da aka kashe ba tare da cikakkiyar takarda ba, ana iya cewa a mayar da shi. Ga kuma doka da ta ɗora musu nauyin yanke haraji daga kuɗin wanda ya yi musu aiki. In kwantabul ya ji tausayinka ya ba ka cif, ranar bincike ƙungiyar ce za ta biya abin da ba ta yanke ba. Saboda haka ka daina jin haushinsa. Yawancin canjin dokar haraji ba daga biro ɗin lanho yake riskar ɗan kwangila ba, ta teburin kwantabul ɗin mai ba shi aiki yake iso masa.

Yanzu ga abin da aka yanke maka. A takarda za ka ga an rubuta précompte ISB. Kafin-alƙalami ne na harajin riba, ana ɗebe shi tun kafin kuɗi su shigo hannunka, mai biyan ka ya kai wa gwamnati da sunanka. Shekaru da dama abin da ake yankewa a kan cinikin cikin gida shi ne kashi 2 cikin 100 ga mai NIF, kashi 5 ga marar NIF. A aikin jika 300, mai NIF ya bar jika 6, kai ka bar jika 15. Bambancin da ya fi wannan muhimmanci shi ne makomar kuɗin. Wanda ke da NIF kuma yake kai lissafin ribarsa kowace shekara, ana ɗebe masa wannan jika 6 daga harajin da zai biya, don haka bai yi asara ba, ya dai biya da wuri. Naka jika 15 kuwa sun shiga baitulmali babu wani asusu mai sunanka da za a rubuta su a ciki. Sun tafi ke nan. Kuma ko da NIF ɗin, in ba ka karɓi takardar shaidar yankan daga hannun kwantabul ba, ba ka da abin nunawa. Na sha ganin mutane sun biya haraji sau biyu a kan aiki ɗaya saboda wannan takarda guda da ba su tsaya sun karɓa ba. Ranar da aka biya ka, ranar za ka neme ta, ba bayan shekara ba lokacin da furoje ya ƙare, kwantabul ya koma garinsu.

Inda ƴan kwangila ke shan ciwo sosai shi ne TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, wadda take kashi 19 cikin 100. Haruffa biyu ko uku ne a gefen farashi, HT ko TTC. HT na nufin farashi ba haraji a ciki, TTC na nufin an haɗa da haraji. Ka yi ciniki da baki a kan jika 300, ka sa hannu a takarda ba ka lura an rubuta TTC ba, to naka jika 252 ne da ƴan kai, kusan jika 48 na gwamnati ne. Da HT aka rubuta, da mai aikin ne zai biya jika 357, ka riƙe 300, ka kai 57. Ofisoshin gwamnati da wasu manyan kamfanoni ma ba sa bari TVA ta shigo hannunka, tun can suke riƙe ta. Wasu ƙungiyoyin agaji kuma suna da takardar yafewar haraji. In suka ce maka an yafe musu, ka nemi kwafin takardar ka haɗa da faktir ɗinka, domin in ba ta nan, kai za a tambaya ina TVA ɗin da ba ka karɓa ba. Sannan ba kowane mai NIF ne ke da izinin sa TVA a faktir ba. Wanda ke tsarin ƙananan ƴan kasuwa ba ya sa wa, kuma ba ya karɓo wadda ya biya lokacin da ya sayi fanel da batir. Ga mai sana'a irin taka, wanda kaya ke cin mafi yawan kuɗin aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ka ce me ya canja. Tushen dokar ba sabo ba ne, akwai shi tun cikin kundin haraji na 2012. Abin da ke faruwa shi ne dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana taɓa wani abu a dokar haraji, ta fara aiki 1 ga Janairu. Ka tuna ta 2018, wadda ta fito da mutane kan titi a Yamai da nan Damagaram da sauran garuruwa. Amma babban canjin a wajen aiwatarwa yake. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa tana son kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na tattalin arzikinta, Nijar kuwa a wajen rabin haka take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sa wa ƙasa takunkumi, tallafin kasafin kuɗi daga waje ya tsaya, sai gwamnati ta ƙara dogara ga abin da za ta tara a cikin gida. A Oktoba 2023 aka kafa asusun FSSP na taimakon ƙasa, aka sa har mai buga waya ya ba shi dala biyu. Gwamnatin da ke neman kuɗi ba za ta iya bin kowane mai haɗa sola daga Birni zuwa Garin Malam ba. Abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta matsa wa ƴan ɗaruruwan masu biyan kuɗi, su kuma su matsa wa dubban masu karɓa. Ban ga alamar wannan hanya za ta juya baya ba, ko wa ke mulki.

Saboda haka shawarata a kan NIF ita ce ka yi, in dai kana son ci gaba da aiki da kamfanoni, ƙungiyoyi da ma'aikatu. In aikinka na gidajen unguwa ne da shagunan Kasuwar Dole, a biya ka hannu da hannu, rashin NIF ba zai hana ka ciniki ba, ko da yake harajin sana'a yana kanka ko a haka. Amma aikin da ke fitowa daga wurare irin matatar SORAZ, ko jami'ar André Salifou, ko ofishin magajin gari, da takarda ake nemansa. Kwangilar gwamnati ma NIF kaɗai bai isa ba, sai da ARF, takardar da ke nuna ba a bin ka bashin haraji, kuma tana da wa'adi, sai an riƙa sabunta ta.

Sai dai ka shiga da idonka buɗe. NIF ba katin da ake karɓa a ajiye a aljihu ba ne, alkawari ne na kowace shekara. Ka duba harafin da ke ƙarshen lambar. P na ƙananan ƴan kasuwa ne masu biyan haraji dunƙule, S da R na masu riƙe cikakken littafi ne, masu karɓar TVA suna kaiwa, suna kai lissafin shekara. Yawan cinikinka da irin sana'arka ne ke nuna inda za a sa ka. Kada wani ya ruɗe ka ka nemi tsarin manya don a ɗauke ka babban kamfani, alhali ba ka da mai riƙe maka littafi. A wannan tsarin, ko ba ka yi ciniki ba sai ka kai takarda ka ce babu, in ka yi shiru tara na taruwa. Akwai kuma mafi ƙarancin haraji da ake lissafawa a kan jimlar ciniki, ko da shekarar asara ka yi. Ranar da ka bar sana'ar, ko ka tafi Agadas ko Kano neman wani abu, ka je ka shaida musu a rubuce. Mutanen da suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda suka yi NIF don kwangila guda, suka manta da shi, bayan shekaru suka dawo neman ARF suka tarar da bashin da ya fi ribar kwangilar.

Akwai wata hanya da na san za a nuna maka, in ma ba a riga an nuna maka ba: ka je wurin wani mai kamfani ya fitar maka da faktir da sunansa, ka ba shi wani kaso. Ina roƙon ka ka bar ta. Laifi ne a doka, wannan ɗaya. Na biyu, kuɗin aikinka a asusun bankinsa za su sauka, in ya riƙe ba ka da takardar da za ka kai shi ƙara da ita. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, duk aikin da ka yi da zufanka sunansa ne ke hawa kan takardar shaidar kammalawa. Bayan shekara biyar shi ne mai tarihin aikin sola a jihar Damagaram, kai kuwa ba ka da ko shafi ɗaya. In nauyin takardu ya fi ƙarfinka kai kaɗai, gara ku haɗu ku uku ko huɗu masu sana'a ɗaya ku kafa GIE, wato ƙungiyar haɗin gwiwar sana'a mai rajista, wanda dokar kasuwanci ta OHADA ta tanada, ku ɗauki kwantabul ɗaya. Amma ka zaɓi abokan da kyau, domin a GIE bashin ƙungiya yana kan wuyan kowane ɗayanku, har dukiyarsa ta gida.

Batun albashi kuwa, kada ka gwada jika 150 da jika 300 na kwangila ka ce rabi ne. Ba abu ɗaya ake aunawa ba. Daga jika 150 za a yanke maka kashi 5.25 cikin 100 na CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata, kusan jika 8, sannan harajin albashi, ITS, wanda ke hawa mataki-mataki daga kashi 1 zuwa kashi 35, ana kuma sassauta shi gwargwadon iyalin da ke kanka. Shi mai ɗaukar ka zai ƙara kashi 16.4 daga aljihunsa zuwa CNSS, wajen jika 24 da rabi, ban da sauran ƙananan kuɗaɗen da ke kan mai ma'aikata. Wannan kuɗin ba ka ganin sa a hannu, amma naka ne: shi ne fansho in ka kai shekara 60, shi ne kuɗin iyali, shi ne magani da diyya in ka faɗo daga kan rufi kana ɗaura fanel. Ga hutun wata guda a shekara da albashinsa, ga kuɗin sallama in aka kore ka ba laifi. Ɗan kwangila ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Kai da ke hawa sama kana taɓa wuta, wannan batun haɗarin aiki shi ya kamata ya fi tsaya maka a rai.

Ka ɗauki littafinka na bara, in kana da shi. Haɗa duk abin da ya shigo, ɗebe kuɗin kaya, man babur, yaran da ka biya, kayan aikin da suka lalace, da kuɗin da aka cinye maka. Abin da ya rage ka raba shi gida 12, har da watannin da ka zauna babu aiki. In abin da ya fito bai zarce jika 150 da nisa ba, albashin ya fi maka, musamman in kana da iyali. In ya ninka shi, ka riƙe sana'arka ka gyara takardunka. Amma in za ka karɓi albashin, sharaɗina ɗaya ne: takardar aiki a rubuce, da lambar CNSS mai sunanka, kuma bayan wata uku ka je da ƙafarka ofishin CNSS ka tabbatar ana zuba kuɗin. Albashin da babu CNSS a ciki ya haɗa maka wahalar ɓangarorin biyu, ba ƴancin ɗan kwangila, ba kariyar ma'aikaci.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke ɓata mini rai a garin nan. Da yake ma'aikaci na da tsada, wasu masu ɗaukar aiki sai su ce wa yaro ya je ya yi NIF, su rubuta masa takardar mai ba da hidima, alhali kullum ƙarfe takwas yana biro, yana da shugaba, da kayan aikinsu yake aiki, ba shi da wani mai ba shi aiki sai su. Dokar ƙwadago ta 2012 ba sunan da aka rubuta a saman takarda take dubawa ba. Duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarni da ikon wani don a biya shi, ma'aikaci ne, kuma sufeton ƙwadago da CNSS na iya tilasta a biya masa abin da aka tauye. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Ingila ta kafa doka a kansa tun 2000, ana ce mata IR35. A 2017 ga ma'aikatun gwamnati, sannan a 2021 ga matsakaita da manyan kamfanoni, aka mayar da nauyin tantance wane ne ɗan kwangila na gaskiya kan mai ba da aikin. Kamfanoni da dama, har da manyan bankuna, sai suka daina ɗaukar masu zaman kansu kai tsaye don gudun tara, mutane suka koma bi ta hannun kamfanonin tsakiya, abin da ke shiga aljihunsu ya ragu. Dokarsu daban, tamu daban, amma halin mai biyan kuɗi ɗaya ne: in aka ɗora masa haɗari, sai ya nemi wanda zai tsaya tsakaninsa da kai, kuma ladan wannan na tsakiyar daga kuɗinka yake fita.

Game da samun aiki nan gaba, ba zan ɗora wa haraji laifin komai ba. Furoje da yawa sun tsaya bayan 2023, sannan a Janairu 2025 Amurka ta dakatar da tallafin USAID, wanda ya taɓa ƙungiyoyi da dama da ke ɗaukar irinku. Aikin ƙungiyoyi ya ragu, masu nema sun ƙaru, shi ya sa mai ba da aiki ya samu damar zaɓe, kuma abu na farko da yake tacewa da shi takardu ne. Amma sana'arka tana da gaba. Ka ga yadda wuta ta yi wahala lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana lantarki a 2023, kuma zafin Afrilu da Mayu ba ya jiran kowa. Asibitocin karkara, rijiyoyin burtsatse, masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, duk sola suke nema. Kamfanin Yamai ɗin nan ma, in ka bincika, sau da yawa ɗan gari yake nema ya ɗaura masa kayan, domin kawo ma'aikaci daga nisan kilomita wajen 900 da ciyar da shi da kwanansa ba arha ba ne. Da NIF a hannunka za ka iya karɓar aikin daga gare shi a rubuce da sunanka, kafin ka kai ga karɓa kai tsaye.

Farashinka kuma dole ya canja daga ranar da ka yi rajista. Harajin shekara, ladan kwantabul, kuɗin rajistar kwangila in ta gwamnati ce, ajiyar asibiti da ta tsufa da babu mai yi maka, da jiran biya na wata biyu ko uku, duk sai sun shiga cikin kuɗin aiki. Ka raba kuɗin kaya da ladan hannu a takardar farashi, ka rubuta HT ƙarara, ka nemi kafin-alƙalami na sayen kaya don kada ka ci bashin fanel a kasuwa kana jiran shek. Kafin ka sa hannu ka tambayi kwantabul ɗinsu kai tsaye: nawa za a yanke, da wane suna, nawa zai shigo hannuna? In kwangilar za ta tsallaka zuwa sabuwar shekara, a ƙara layi ɗaya cewa in dokar kasafin kuɗi ta canja abin da ake yankewa, za a sake duba farashi. Kuma kowane Janairu ka leƙa ofishin haraji na unguwarku, ko wurin mai riƙe maka littafi, ka ji abin da sabuwar dokar ta taɓa a sana'arka kafin ka ba kowa farashin shekarar.